Wankan Jego a Saman Bene

Tun da na dawo ba a bar ni na huta ba. Wannan ta ce in ba ta labarin Ka'aba, waccan ta ce ina zinarenta, har da masu kira na Hajiya. To bari in faɗa sau ɗaya kowa ya ji: Riyad na je, ba Makka ba, kuma tsakaninsu akwai nisa sosai. Ban sayo zinare ba. Dogayen benayen unguwar Ulaya da kuke gani a waya sau biyu na gan su, duk ta gilashin mota. Abu na biyu da kowa ya fahimta a karkace shi ne Indiyawan da ke aiki a can. Kafin in tafi an cika min kunne, wai murmushinsu na munafunci ne, wai tsoro ne ke sa su ladabi, wai komai ka ce sai su ce to don su cuce ka. 'Yan kallon fim kuma suna zaton rawa suke a kan titi. Ni ma da wannan tunanin na tafi. Kusan wata biyu na yi, kuma mutumin da ya fi ba ni mamaki a duk ƙasar wani Ba'indiye ne mai gyaran famfo, wanda na yi wa rashin kunya ranar da muka fara haɗuwa.

Yayata Hassana ce ta haihu, haihuwar fari. Mijinta, Yaya Nasiru, direba ne a wani kamfani a Ulaya, ya daɗe a can. Inna ce ya kamata ta je, amma ƙafa ta hana ta, sai aka nema min bizar ziyara. Inna ta zaunar da ni ta ce, "Jamila, ba yawon buɗe ido na aike ki ba. Wanka safe da yamma, kwana arba'in, ko rana ɗaya kada a tsallake. Kunun kanwa kullum. In 'yata ta kumbura, ke zan tambaya."

Ta cika min jaka da garin kunu, kanwa, yaji, daddawa, kuka, da wani ƙaton ƙunshi na busasshen ganyen darbejiya, don an ce mata babu bishiya a garin. Kayan sawata kala huɗu kawai suka samu wuri.

Daga Zariya zuwa Kano motarmu ta yi faci sau ɗaya, na iso filin jirgi ina gumi ina masifa. Jirgin ya sauka da mu a Addis Ababa muka jira wani. A can na sayi wani abinci mai faɗi kamar sinasir, na kai baki na ji tsami kamar ya kwana uku, na kalli mutanen gefena suna ci da marmari, na haƙura na cinye tunda yunwa nake ji. A Riyad kuwa komai a tsare, aka ɗauki hoton idona da yatsuna, ba wanda ya nemi na goro. Sai a wurin binciken kaya aka tsayar da ni. Wani jami'i ya buɗe ledar daddawa, ya ja da baya, ya kira abokinsa. Suka ɗaga kanwa suna juya ta kamar sun kama wani abu. Na gutsuri kaɗan na sa a baki a gabansu, na yi alamar jijjiga jariri da hannu. Babban cikinsu ya yi dariya ya ce in wuce.

Yaya Nasiru yana gani na ya ce, "Sarauniyar masifa ta sauka lafiya. Da wa da wa kika yi faɗa a jirgi?"

Na ce, "Kai nake tara wa. Ɗauki jaka."

Gidansu a unguwar Shifa yake, hawa na biyu. Ɗaki biyu da falo, ba tsakar gida, ba zaure, ba maƙwabciyar da za ta leƙo ta ce barka da arziki. Mai gidan, wani dattijon Balarabe da ake kira Abu Sa'ad, shi ke zaune a ƙasa da iyalinsa. Zafin garin irin na bakin tanda ne, har famfon ruwan sanyi da rana ruwan ɗumi yake kawowa, saboda tankin a rufin gida yake. Abinci kuwa shinkafa da kaza ce a faranti mai faɗi, suna ce mata kabsa, tana da daɗi amma ba ta da yaji, sai burodi shimfiɗaɗɗe da ake ci da komai.

Ba'indiyen da na fara sani shi ne mai baƙala, wato kantin unguwa. Shi kam ba murmushi a fuskarsa. Kafin ka rufe baki ya miƙo maka abin da ka zo saya, ya juya ga na bayanka. Na gaishe shi irin gaisuwarmu, ina gajiya ina iyali, ya dube ni kamar na tare masa hanya. Amma ranar da na nemi babbar tukunya babu a kantin, bai ce min babu ba. Ya ɗaga waya, ya yi magana da yarensu da sauri, kafin la'asar sai ga tukunya a ƙofar gidanmu, irin ta dafa abincin biki. Na tuna mai kantin layinmu a Zariya, wanda in yana kallon ƙwallo a waya zai ce maka babu sukari, kana hango sukarin a bayansa.

Muka fara wanka. Ina tafasa ruwa a kan gas, in zuba ganye, in kinkima zuwa banɗaki, in riƙa fyaɗa wa Yaya Hassana tana ihu tana zagi na. A gida ɗanyen ganye ake karyowa da reshensa, in an gama a watsar a bola, ruwan kuma ya bi rariya ya fita kwata. Nawa busasshe ne, yana jin ruwa yake marmashewa. Ni kuwa in na gama sai in tura komai cikin ramin banɗaki da tsintsiya, ragowar ƙullun kunu ma can nake juyewa. Rami ne, yana shanyewa, me zai dame ni?

Ranar kwana tara ramin ya daina sha. Ruwa ya taru har idon sawu. Kafin azahar sai ga bugun ƙofa, Abu Sa'ad ne, yana nuna ƙasa yana faɗa da Larabci. Ashe ruwan ya bi ta cikin gini ya ɓullo a silin ɗin falonsa na baƙi, yana ɗiga a kan darduma, ruwan kuma kore.

Yaya Nasiru ya turo min lambar wani Ba'indiye mai gyaran famfo, sunansa Rajan. Na kira shi da Turancina na sakandare, ya ce, "Minti biyar, Madam." Minti biyar ɗin nan sai da ya zama awa biyu. Da ya iso, wani ɗan siririn mutum mai furfura a gefen kai, da jakar kayan aiki a kafaɗa, ban bari ya gama sallama ba. Na ce masa maƙaryaci, na ce haka kuke dukanku, na faɗi abubuwan da ba zan maimaita a nan ba. Ya tsaya yana kaɗa kai har na gaji, sannan ya ce, "Yi haƙuri, Madam. Ina banɗakin?"

Aka bar ƙofar gida a buɗe, Yaya Hassana ta shige ɗaki da jaririya. Ya durƙusa ya zura wata doguwar waya, ya yi ta jawo baƙin curi yana tarawa a leda. Na ga ya ɗauki guntun ganye ya shinshina, ya dube ni, ya ci gaba da aikinsa. Ruwa ya wuce. Ya wanke banɗakin tas, har da inda ba shi ya ɓata ba, ya tafi.

Ni kuma da na ga an gyara, sai na ci gaba yadda na saba. Kwana uku ramin ya sake toshewa, silin ɗin Abu Sa'ad ya sake zuba, wannan karon har fenti ya ɓamɓaro. Ya tare Yaya Nasiru a bakin ƙofa ya ce masa in ranar Alhamis ta yi ruwa na ɗiga, su nemi wani gida.

Ranar ban ga wasa a fuskar Yaya Nasiru ba. Ya ce, "Jamila, kin san wahalar da na sha kafin in sami gidan da za a ba baƙo mai iyali? In aka tashe mu, ni ɗakin gwauraye zan koma, yayarki kuma ta bi ki Zariya da jaririya. A daina wankan nan."

Aka kira Inna a waya. Ta ce, "A daina me? Nasiru, kai ka haife ta ne? Ko a kan titi ne a yi mata wankanta."

Yaya Hassana tana zaune tsakanin wayar da mijinta, tana ta hawaye. Shekara uku ta yi tana jiran takardun da za su kawo ta wurin mijinta, ga shi ni da tsintsiyata zan mayar da ita gida cikin sati biyu.

Ranar Laraba na sake kiran Rajan, kunya kamar in nutse. Ya ce minti biyar. Na zauna na jira awa ɗaya da rabi, wannan karon ban yi masa masifa ba. Da ya zo ya duba, ya ce wannan karon sai ya ɗaga tayil biyu, don mahaɗar bututun da ke ƙasa ta tsage. Ya miƙo min tocila ya ce in haska masa. Yana kwance a ƙasa, hannunsa cikin ƙazanta har gwiwar hannu, ba tare da ya ɗago ba ya ce, "Kwana nawa da haihuwar?"

Na ce, "Wa ya gaya maka haihuwa aka yi?"

Ya ce, "Ganyen. A garinmu ma da shi ake dafa wa mai jego ruwan wanka. Surukata ce ta yi wa matata."

Na gyara riƙon tocilar. Na ce, to me ya sa ba ka faɗa min ran farko ba cewa shi ke toshe ramin?

Ya ce, "Kina cikin fushi, Madam. Wanda ke fushi ba ya so a ce masa laifinsa ne. In na faɗa, wani za ki kira."

"Shi ya sa kake cewa minti biyar?"

"In na ce awa biyu, kafin in ajiye waya kin kira wani. Akwai titin da za ki je ki ga mutum ashirin a zaune, kowa da jaka irin tawa."

Na ce masa ai da ka faɗa min gaskiya da ba mu kai ga wannan ba. Ya ce haka ne, a nan ya yi kuskure. Wannan ma ya ba ni mamaki, don ni har lokacin ban ce na yi kuskure ba.

Muka ci gaba da hira da guntun Turanci da guntun Larabci da nuni da hannu. Daga Kerala yake, a kudancin ƙasarsu. Ya ce yana yaro, in rani ya yi, mahaifiyarsa kan ajiye tulu a layin famfo tun da sassafe, wani lokaci layi ya zo kanta ruwan ya ɗauke. Ya ce layi ne rayuwarsu, layin ruwa, layin kananzir, layin jirgin ƙasa, layin neman aiki inda ake son mutum ɗaya ɗaruruwa su zo. Mahaifinsa ya yi sati yana sintiri a wani ofis don takarda guda, ma'aikacin ko kai bai taɓa ɗagowa ya kalle shi ba, kullum sai ya ce a dawo gobe. Shi ya raka uban, yana kallo. Ya ce tun daga nan ba ya iya ce wa mutum ya dawo gobe.

Na ce, "Mu ma muna da layin ruwa. Muna da wahala kala-kala. Amma masu sayar da kayanmu fuska a murtuke, kamar roƙo ka zo."

Ya ce, "A wurinmu ma akwai masu murtuke fuska. Wanda ke bayan tebur, wanda ba a iya kora. Wanda ya san akwai mutum goma a bayansa suna jiran gurbinsa, shi ke murmushi."

Na tambaye shi mai baƙala fa, me ya sa shi ba ya dariya? Ya ce wannan ya taso inda in ka sami abin da ka zo nema a ranar da ka zo, to an gama yi maka komai. Shi a ganinsa ya ba ka kayanka da sauri shi ne mutunci, surutu ɓata wa na baya lokaci ne.

Sai na yi tambayar da ke ci na. Na ce, zagin da na yi maka bai yi maka zafi ba?

Ya zaro hannunsa ya goge da tsumma. Ya ce, "Ya yi. In na shiga mota ina jin sa. Amma faɗa ba ya wuce minti goma." Ya ɗan yi murmushi ya ƙara da cewa, "Ke kina faɗa irin na wadda ke da gidan komawa."

Ya nuna min hoton 'yarsa a waya, shekararta biyu, tana tsaye riƙe da ƙafar kujera. Ya ce bai taɓa ɗaukar ta ba. Wankan jegon matarsa ma a waya aka ba shi labari.

Da ya gama sa sabon bututu, bai ce a daina wankan ba. Ya nemi tsohon ɗankwali, ya zuba ganyen a ciki ya ƙulle, ya ce a jefa ƙullin cikin tukunya, ƙarfin ganyen zai fita, marmashin ya tsaya a ciki, kuma da ƙullin ake gasa jiki, haka surukarsa take yi. Ya yanko 'yar raga ya sa a bakin ramin. Ya ce ƙullun kunu a leda, a kwandon shara. Sannan ya kira ni kicin ya kwance wani lanƙwasasshen bututu a ƙarƙashin wurin wanke-wanke, ya nuna min inda datti ke taruwa, ya mayar, ya ce in kwance da kaina. Na kwance, na ɗaure, ya ce in sake. Na ce masa ai kana koya min abin da zai hana in kira ka. Ya ce, "Gidan mai jego ne. Bai kamata namiji ya yi ta shigowa ba."

Daga nan ya ɗauki fenti ya sauka ƙasa. Ban daɗe ba na jiyo muryar Abu Sa'ad tana tashi. Na leƙa ta matakala, na ga dattijon yana nuna Rajan da sanda, wai gyaran banza ya yi ran farko. Rajan yana tsaye da gwangwanin fenti yana kaɗa kai yana cewa a yi haƙuri. Ni ina tsaye ana zagin wani a kan laifina? Na zura hijabi na sauka. Na ce, "Baba, ni ce. Ni na zuba ganye." Na daki ƙirjina don ya gane. Na ce wa Rajan ya fassara masa duka, kada ya rage.

Abin da na faɗa bai fi jimla uku ba, Rajan ya yi ta magana kamar mai huɗuba. Na ji ya ambaci haihuwa, na ji ya ambaci uwa, ya kuma ɗaga tsohon bututun ya nuna masa tsagar da ta riga ta yi tsatsa tun kafin in zo duniyar Riyad. Abu Sa'ad ya juya bututun a hannunsa, ya dube ni, ya ce wani abu a taƙaice.

Na ce, "Me ya ce?"

"Ya ce sai gobe. In silin ya bushe, shi ke nan."

"Ba abin da ya ce kenan ba."

"Ya kuma ce bakinki ya fi jikinki girma."

Aka ajiye farar roba a ƙarƙashin wurin da ke ɗiga. Da yamma na yi wa Yaya Hassana wanka da ƙullin ɗankwali, da safe ma haka, ruwa cikakken tukunya, ina zubawa ina kallon ramin. Ranar Alhamis bayan azahar Yaya Nasiru ya sauka ya duba. Ya dawo riƙe da robar, ya kife ta a kaina. Ko ɗigo babu. Yaya Hassana ta yi dariyar da ban ji ta yi ba tun zuwana. Bayan la'asar matar Abu Sa'ad ta aiko da dabino da 'yar rigar jarirai.

Muka cika arba'in ba a tsallake rana ɗaya ba. Rajan ban sake ganin sa ba. Sau ɗaya ya kira Yaya Nasiru ya tambaya ko ruwa na wucewa, ba wanda ya sa shi. Ba zan ce na san Indiyawa ba, su da yawansu ya fi ƙarfin lissafina, biyu kawai na sani, kuma halinsu ba ɗaya ba ne. Ba zan kuma ce abin sha'awa ne mutum ya haɗiye zagi don yana tsoron na bayansa ba. Amma ban taɓa ganin wanda wahala ta koya wa lura da mutane kamar wannan bawan Allah ba. Ya shinshina ganye ɗaya ya san abin da ke faruwa a gida.

Kafin in taho sau biyu wurin wanke-wanke ya toshe, sau biyu na kwance na gyara. Famfon banɗaki ya fara zuba, na duba na ga 'yar roba ce ta cinye, na je baƙala na nuna, mai kantin ya miƙo min ba magana, na canza. A jirgin dawowa abin da nake ta tunani kenan: gidaje nawa ne a Zariya da famfo zai yi sati yana zuba, ana tara ruwa a bokiti, don maigida ba ya nan kuma ba a shigar da namiji cikin gida?

Na je na sami Malam Ado mai gyaran famfo na bakin kasuwarmu, na ce ina so ya koya min aikin. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Na karɓi sifana a hannunsa, na kwance bututun da ke gabansa na mayar, ya daina dariya. Inna ta ce in dai cikin gidajen mata zan tsaya, ba ta hana ni ba, amma kada in shigo mata da warin kwata. Ranar Litinin zan fara. Malam Ado ya ce in zo da tsofaffin kaya, in kuma yanke farce.